Rahoton Ƙarshen Wata

Ƙarshen Satumba, ruwa bai gama ɗaukewa ba, sauro ya yi ƙiba. Oga ya sauka daga babur a ƙaramin asibitin wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, wando duk taɓo.

Oga: Incaji, miƙo fom ɗin wata. Yau sai ya shiga kwamfuta. Dutse ni take jira, Abuja kuma Dutse take jira.

Incaji: Ga shi, ranka ya daɗe.

Oga: Masha Allahu! Zazzaɓin cizon sauro ya ragu da rabi, a watan da rajista ke cika maƙil a ko'ina. Mene ne sirrin?

Incaji: Tsinken gwaji ne ya ƙare tun sati na biyu, yallaɓai. Wanda ba a gwada ba kuwa ba ya shiga layin maleriya.

Oga: To ina yake shiga?

Incaji: Kemis.

Mai Unguwa: Mai kuɗi ke nan. Sauranmu ganyen darbejiya muke tafasawa, mu lulluɓa da bargo.

Oga: Babu gurbin darbejiya a fom. Ina kuɗin asusun lafiya na tarayya, wanda dokar 2014 ta kafa?

Incaji: Shi wata uku-uku yake zuwa. Sauro kuwa kullum bayan magariba, bai taɓa makara ba.

Oga: Masu awo fa? Na ga duk Alhamis shafin fari fes.

Mai Unguwa: Ranar kasuwar Maigatari ce. Maza su tafi da babur, su tafi da kuɗin, su tafi da izinin.

Sai ga Iya ta dogaro sanda.

Iya: Ɗan nan, masu bi gida-gida da damina sun bai wa jikana ƙwayar rigakafin zazzaɓi, ni suka tsallake ni.

Incaji: Ta yara ce, Iya, daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5.

Iya: Haƙoransa huɗu, nawa huɗu. Koko yake sha, koko nake sha. Me ya fi ni?

Oga: Ba da haƙora ake lissafi ba, Iya.

Iya: Ashe shi ya sa lissafin naku ba ya cizo.

Ba ta rufe baki ba Bafulatani ya jingine sandarsa a bakin ƙofa.

Bafulatani: Likita, rubuta mini zazzaɓi ɗaya na watan gobe.

Incaji: Jikin ne, Baffa?

Bafulatani: Ƙalau nake, aradu. Amma bara da na zo ina karkarwa, cewa kuka yi magani ya ƙare, sai sabon wata. Bana na ce bari in riga ciwon zuwa.

Oga: Ba a rubuta ciwon da bai zo ba.

Bafulatani: Wanda ya zo ɗin ma kun rubuta?

Oga ya buɗe baki zai amsa, sai haƙoransa suka fara haɗuwa. Ya ƙanƙame jakarsa.

Oga: Incaji, tun Gumel nake jin sanyi. Ɗan gwada ni.

Incaji: Da me, ranka ya daɗe?

Oga: To ko rubuta ni ka yi!

Incaji: In na rubuta ka rahoto ya lalace. Yanzu fa ka gama sa masa albarka.

Bafulatani: Bi bayana, Oga. Ni ne na ɗaya a watan gobe.