Kwana kyauta a hamadar Amurka yana da doka

Mutane da yawa in sun ji ana kafa tanti kyauta a tsaunukan hamadar Amurka, kamar a Arizona da Nebada da Yuta, sai su ɗauka fili ne marar mai shi, kowa ya yi abin da ya ga dama. Ba haka ba ne. Yawancin filayen nan suna hannun BLM, hukumar filaye ta gwamnatin tarayya, mai kula da eka kusan miliyan 245. Ba a karɓar kuɗi, amma galibi kwana 14 aka yarda ka yi cikin kwana 28, sannan ka tashi ka yi nisa.

Babu famfo, babu banɗaki, babu mai kwashe shara. Duk abin da ka shigo da shi, da shi za ka fita.

Abin da ya fi damuna shi ne batun ruwa. A Arizona doka ta hana sauka cikin rubu'in mil daga mashayar dabbobi idan hakan zai tare musu hanya, domin tumakin dawa ba sa kusantar ruwa muddin mutum yana wurin. Kada kuma ka kwana a busasshen kwari. Ruwa kan zuba can kan dutse, ambaliya ta iso da dare alhali sama garau take a inda kake.