Fansho: gwamnati ko asusun kai?

To ai maganar wa zai ɗauki nauyin fansho, gwamnati ko asusun ma'aikaci na kansa, ba ƙaramar magana ba ce wallahi. Faransa da Italiya gwamnati ce ke ɗauke da kusan duk nauyin fansho, ma'aikacin yau shi ake yanka wa albashi a biya tsoho, ga haihuwa ta ja baya ga tsofaffi sai ƙara daɗewa suke, shi ya sa shugaban Faransa Macron ya ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023 har aka yi ta ƙona bola a titunan Paris. Ostiraliya kuwa tun 1992 suka tilasta wa kamfanoni zuba wa ma'aikaci kuɗi a asusunsa. Amma fa ana juya kuɗin asusun ne a kasuwar hannun jari, in ta faɗi kai mai asusun za ka kwana ciki, mai ƙaramin albashi kuma me zai tara?