Lesin har magariba: wa ya ce da gajiya ake cin jarrabawa?

A makon jiya ƙanwata ta nuna mini takardar da makarantar 'yarta ta aiko wa iyaye, inda ake sanar da su cewa daga yanzu har a gama jarrabawar NECO, 'yan ajin ƙarshe na sakandare ba za su tashi ba sai ƙarfe shida na yamma, kuma za su riƙa zuwa Asabar da Lahadi. A ƙasan takardar an rubuta kuɗin da kowane uba zai ƙara. Da na yi zancen da abokai sai na ji abin ya zama yayi a makarantun kuɗi na cikin Kano, kuma hujjar da ake kafawa ita ce sakamakon farko na JAMB na 2025, lokacin da fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 suka kasa samun maki 200. Da wannan adadi ake firgita iyaye, su kuma su buɗe aljihu, ba tare da kowa ya tsaya ya lissafa yadda yinin yaron zai kasance ba.

To ni na lissafa na yarinyar nan. Tana tashi da asuba, ta yi salla, ta yi shara, ta shirya ƙannenta, ta fita neman A Daidaita Sahu wajen ƙarfe shida da rabi. Idan an tashe su ƙarfe shida na yamma, cunkoson titin Zariya ba zai bar ta ta isa gida ba sai bayan magariba. Daga nan sai Islamiyyar dare, sannan ta zauna yin aikin gida na darussa uku ko huɗu da fitilar waya, a watannin da zafin Kano kan wuce maki 40 kuma fanka ba ta juyawa. Ba ta kwanciya kafin sha biyu. Barcin awa biyar ke nan, alhali likitoci sun yi ittifaƙi cewa mai shekarunta yana buƙatar awa takwas zuwa goma. Da ta fara kuka da ciwon kai, sai aka sayo mata magani a kemis, aka ce ta daina raki.

Kalmar rakin nan ce ta fi ɓata mini rai, domin a cikinta tunanin da nake ƙi ya ɓuya: wai karatu kamar ɗiban ruwa ne, gwargwadon daɗewarka a bakin rijiya gwargwadon cikar tulunka. Ƙwaƙwalwa ba haka take aiki ba. Abin da ɗalibi ya koya da rana, a cikin barci ne yake zama daram a kansa, kuma wanda aka hana barci yakan rasa natsuwar sauraro, ya yi saurin fushi, ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaita abu kaɗan-kaɗan a ranaku daban-daban ya fi ɗura shi a zama ɗaya. Malamin da ya tsare yara arba'in a aji ƙarfe biyar na yamma yana rubuta musu tsofaffin tambayoyin WAEC a allo, shi kansa ya san rabinsu gyangyaɗi suke yi.

Ba ma sai mun je Jamus ba. Alarammomin da suka yaye mahaddata a garin nan ba su taɓa ba almajiri izu guda ya haɗiye a dare ɗaya ba. Ana rubuta masa ɗan abin da zai iya a allo, ya biya, ya yi ta tishi da asuba da yamma har ya zauna, sannan a wanke a ƙara, kuma Alhamis da Juma'a hutu ne. Addinin da muke tinƙaho da shi ya ce an sanya barci ya zama hutu, hadisi ingantacce kuma ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka. Abin mamaki, mutumin da zai kawo maka wannan hadisi a wa'azi, shi ne zai sa hannu a takardar da ta ƙwace wa ɗansa ranar Lahadi.

Masu cewa “mu ma haka muka yi” sun manta ne kawai. Makarantun kwana na gwamnati, irin su na kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da suka cika asibitocinmu da likitoci, suna da hutun rana bayan cin abinci, da lokacin wasanni, da firef (zaman bitar karatu) mai iyaka, da sa'ar kashe fitila da ba a ketarewa. Masu ɗora laifin duka a kan waya kuwa, sai su gaya mana me ƙarin awa huɗu a aji zai yi wa yaron da ke buɗe TikTok ƙarfe ɗaya na dare, in ban da ƙara masa dalilin gudun littafi.

Sannan yaran nan ba karatu kaɗai ke kansu ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka zama abin taƙaddama a gidaje da yawa, kuma yara suna ji. Yaron da ya san mahaifinsa rance ya ci ya biya masa kuɗin WAEC yana shiga ɗakin jarrabawa da nauyin bashin a zuciyarsa. Wani yakan wuce Kantin Kwari ko Farm Centre bayan makaranta ya samo na kashewa, wata kuma girkin dare na gidan a wuyanta yake. A kan irin waɗannan ne masu laccar “tsara lokacinka” na Facebook suke zuba nasiha, su zana jadawali mai kyan gani kamar yaron ne ke da ikon lokacinsa. Lokacin nasa manya sun riga sun rabe shi tsakaninsu, kowa ya yanki rabonsa, barci kaɗai aka bar masa ya rage. Kuma a garin da ya sha fama da matsalar kodin da tiramadol, bai kamata mu yi wasa da koya wa matasa cewa maganin gajiya shi ne a sha wani abu a ci gaba ba.

Gaskiyar da makarantun ba sa so a faɗa ita ce, lesin na watanni uku ana yin sa ne don toshe ramin da aka bari shekara uku. Manhajar da ya kamata a gama tun aji biyar ba a gama ba, saboda ƙarancin malamai ko yawan canza su, sai a zo dab da jarrabawa a ɗora wa yaro, a kuma caji ubansa. Gwamnatin jiha da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 tana da hurumin ƙayyade lokacin tashi a makarantun kuɗi, da hana karatun rana bakwai a mako. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su ma za su iya tambayar me aka yi da shekarun baya kafin su amince da ƙarin kuɗi. Kowace makaranta kuma ya kamata ta samu malami ɗaya da yaro zai iya gaya wa damuwarsa ba tare da an yi masa tsawa ba.

Ƙanwata dai ta biya kuɗin, domin tana tsoron kada 'yarta ta faɗi a ce ita ta jawo. Abin da na iya shawo kanta a kai biyu ne: yarinyar ba za ta je ranar Lahadi ba, kuma da ƙarfe goma na dare za a karɓe littafi da waya gaba ɗaya. Shugaban makarantar ya riga ya kira ƙanwar tawa sau biyu yana tambayar dalilin fashin.