Kafin ku shafa retinoyid saboda kurajen fuska

Ƙannena maza da mata, musamman ɗaliban da ke Samaru da Kongo a Zariya, na ga yadda magungunan kurajen fuska da aka samo daga bitamin A, waɗanda likitoci ke kira retinoyid, suka fara yawo a tsakaninku daga hannu zuwa hannu kamar man shafawa na kwalliya. Magunguna ne masu aiki ƙwarai, ba na musun haka, amma suna da ƙa'idojin da mai sayarwa ba lallai ne ya tsaya ya faɗa muku ba.

Kurji yana farawa ne a lokacin da maiƙo da matacciyar fata suka toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura. Abin da retinoyid na shafawa yake yi shi ne ya hanzarta zubar da tsohuwar fata domin ƙofofin su buɗe. Tretinoin, wanda aka fi sani da sunan Retin-A, an amince da shi a Amurka tun 1971, sai adapalene, wato Differin, wanda ya biyo baya a 1996 kuma ya fi sauƙi a kan fata. Dukansu biyu ba sa nuna amfaninsu sai bayan mako 8 zuwa 12, kuma a makonnin farko kurajen kan ƙaru kafin su lafa. A nan ne mafi yawanku kuke kasa haƙuri.

Wata ƙanwata ta sayi tretinoin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari a wani kemis cikin watan Disamba, tana lafta shi safe da yamma domin ta ga sakamako da wuri. Kafin kwana goma gefen hancinta da haɓarta sun yi fari suna saɓa, ruwan alwala ma raɗaɗi yake yi mata, kuma da fatar ta warke sai ta bar baƙin tabo wanda ya fi kurajen daɗewa. Fatarmu ta baƙaƙe haka take, duk inda ta ji wuya sai ta yi duhu. Ga hunturun Zariya da ke busar da leɓe ko ba a shafa komai ba. Abin da ya kamata shi ne a fara da mai ƙarancin ƙarfi, kamar kashi 0.025 cikin ɗari, a ɗibi kwatankwacin ƙwayar wake guda a shafa wa fuska gaba ɗaya bayan ta bushe, da daddare kawai, dare biyu ko uku a mako har fata ta saba, a bi shi da man da ke riƙe danshi, da rana kuma a kare fuska daga zafinta. Kada ku haɗa shi da man bilicin ko mayukan nan da ake cewa suna maganin komai, domin da yawansu akwai wani sinadarin magani da ake kira sitiroyid a ciki, shi kuwa da kansa yana fito da kuraje kuma yana sirantar da fata.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na sha, isotretinoin, wanda ya fito a 1982 da sunan Accutane, ake kuma sayar da shi da sunan Roaccutane. An yi shi ne domin manyan kuraje masu zurfi da suka gagari sauran magunguna, yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙo na fata, kuma ana shan sa wata huɗu zuwa shida a ƙarƙashin kulawar likita, tare da gwajin hanta da na kitsen jini. Ba a haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira doxycycline ko danginsa, saboda haɗin yana iya ƙara matsin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Amma babban haɗarinsa yana kan ciki: yana jawo ɓari, yana kuma nakasa zuciya da ƙwaƙwalwa da kunnuwa da fuskar jariri. Saboda haka ne Amurka ta kafa tsarin iPLEDGE a 2006, inda ake yi wa mace gwajin ciki kowane wata kafin a ba ta maganin, kuma sai ta cika wata guda da dainawa kafin ta ɗauki ciki. Mai shan sa, ko namiji ne, ba ya ba da gudummawar jini, don kada a ƙara wa mai juna biyu.

Ku duba wannan da halin da muke ciki. Budurwa ce aka sa mata rana, tana gyaran jiki, wata ƙawa ta miƙo mata ƙwayoyi ta ce za su share mata fuska kafin biki, ta ci gaba da sha har ta tare, ba ta san ta samu ciki ba sai bayan makonnin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa. Ko na shafawar ma likitoci suna hana masu ciki da masu neman haihuwa amfani da shi. 'Yar uwa, idan aurenki ya matso, ki faɗa wa likita ranar da aka sa kafin ya rubuta miki komai.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin fata. Idan za ku je, ku zuba duk mayukan da kuke shafawa a leda ku tafi da su, har da wanda aka haɗa muku a kwalbar da ba ta da suna, domin likita ya ga abin da fuskar ta sha kafin ya san ta inda zai fara.