Ƙannena, wa kuke tafa wa a fim ɗin nan?

Assalamu alaikum ƙannena samari da 'yan mata. Yau yayanku zai ɗan yi muku faɗa, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Kwanakin baya na je karɓar wayata a shagon caji na unguwarmu, na tarar da samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya. Wannan bai dame ni ba, ni ma da fim ɗin Indiya na tashi, kuma har gobe ina kallo. Da na leƙa sai na gane fim ɗin: Vettaiyaadu Vilaiyaadu ne, na yaren Tamil, wanda Gautham Vasudev Menon ya ba da umarni ya fito a 2006. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin da aka yi shewa. Daidai inda makasan suka kuɓuce wa 'yan sanda, sai wani ya buga cinya ya ce, "Wallahi bos ɗin nan ya haɗu!" Sauran suka ɗauka da ihu.

To bari in tuna muku su wane ne waɗannan da suka haɗu. Kamal Haasan ne ya fito a matsayin Raghavan, babban jami'in 'yan sanda a jihar Tamil Nadu. An sace Rani, 'yar abokin aikinsa Arokiaraj, aka kashe ta aka binne gawar. Iyayen suka tafi Amurka don su samu sauƙin baƙin ciki, su ma aka bi su har New York aka kashe. Masu wannan aika-aika samari biyu ne, Amudhan da Ilamaran, ɗaliban koyon aikin likita masu ƙwaƙwalwa, waɗanda suka mayar da ilimin ceton rai hanyar yi wa mata fyaɗe da yankan rago. Su kuke tafa wa.

Na san me za ku ce. Za ku ce ai su ma 'yan sanda sun wulaƙanta su a caji ofis, shi ya sa suka ɗauki fansa. Haka ne, fim ɗin ya nuna an ci zarafinsu a tsare, kuma wannan zalunci ne, ba na kare shi. Amma me ya kai su can tun farko? Tare 'yar mutane suka yi suna tsokana. Sauran matan da suka kashe a Indiya da Amurka kuwa, wace ce a cikinsu ta taɓa kulle su? Wannan uzurin na "an ɓata mini" shi ne dai muke ji daga bakin yaron da ya zaro wuƙa a gidan biki saboda an taka shi. Duk mai son ɓarna ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Marigayi Daniel Balaji, wanda ya fito a Amudhan, gwani ne, ban musa ba. Aikinsa ke nan ya sa ka ji tsoro har tsigar jikinka ta tashi. Yaba wa ɗan wasa daban, ɗora hoton makashi a sitatus da rubuta "babu tsoro" a ƙasa daban. Na ga masu yin hakan da idona, har da masu laƙaba wa kansu sunayen bosawa.

Da kun nutsu, da kun ga inda gwanintar take. Raghavan ya dubi yadda aka yanka gawar, ya fahimci hannun da ya yi wannan ya san aikin tiyata. Ya haɗa abin da ya faru a Tamil Nadu da na New York, ya yi aiki da ɗan sandan can mai suna Anderson, ya bi zare ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tafa a waɗannan wuraren, wasu ma tura fim ɗin gaba suke yi wai "surutu ya yi yawa".

Kuma kada ku ɗauka irin wannan a fim kawai yake. A birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, an yi wani Gowri Shankar da aka fi sani da Auto Shankar, saboda ya taɓa tuƙa keke mai ƙafa uku irin Adaidaita Sahu. An same shi da laifin kashe mutum shida a ƙarshen shekarun 1980. An ruwaito cewa a lokacin shari'a ya ɗora wa fina-finai laifin lalacewarsa. Hakan bai hana a rataye shi a kurkukun Salem a 1995 ba. Ban ce fim ne ke mayar da mutum makashi ba, miliyoyin Tamilawa sun kalla sun koma gida lafiya. Amma zuciya tana sabawa da abin da ake yawan yaba mata.

Abu na ƙarshe da ya fi ci mini rai: a cikin taron nan akwai yaron da bai wuce shekara takwas ba, an aiko shi sayen kati ya maƙale yana leƙe ta ƙarƙashin hammatar yayyensa. Fim ɗin nan ba na yara ba ne, akwai gawarwaki da yanke-yanke a ciki. Babu wanda ya kore shi. Da na ce ya wuce gida, sai ya ɗago kai ya tambaye ni, "Yaya, bos ɗin zai ci akta?" Yadda ya yi tambayar, so yake in ce masa eh.