Zari-ruga ba iri ɗaya ba ce: misalin Martin Offiah

Mutane da yawa suna ɗauka ƙwallon zari-ruga wasa ɗaya ne. Iri biyu ne, akwai Union mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, akwai kuma League mai 13. Tun 1895 suka raba gari, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a garin Huddersfield. Rigimar kuɗi ce: 'yan wasansu ma'aikatan masaƙu da mahaƙar kwal ne, suna so a biya su ladan ranakun aikin da suka rasa, hukumar wasan ta ƙi. Ƙungiyoyin da suka ɓalle su ne suka zama League. Sai 1995 Union ta yarda da biyan albashi.

Martin Offiah, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ɗanɗana duka biyun. Da Union ya fara, ya buga wa ƙungiyar Rosslyn Park, sannan ƙungiyar Widnes ta janye shi zuwa League a 1987, a nan kuwa ya yi suna. A 1992 ƙungiyar Wigan ta saye shi kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan League ba a lokacin. A shekarar ce ya ci maki ta hanyar dire ƙwallo a bayan layin ƙungiyar Leeds sau 10 a wasa guda. Gudu gare shi kamar barewa, kuma a ganina League ce ta dace da shi, domin raguwar mutum biyu a kowane ɓangare tana buɗe fili. Yana cikin 'yan League biyar da aka yi wa mutum-mutumi a filin wasa na Wembley a 2015.