"Akwai takarda?"

Makon jiya a wurin aiki, nan Landan, muna shan shayi sai wata Baturiya abokiyar aikina ta miƙo wayarta tana nuna mana kakar mahaifiyarta da ta shekara 101. Hoton takardar ƙidayar jama'a ta 1921 ne, rubutun hannu da tawada: suna, shekaru har da watanni, sana'a, har yawan ɗakunan gidan. Na ce ai kakar babana a Sakkwato shekara 120 ta yi. Ta yi ɗan murmushin nan nasu na ladabi, ta ce, "Akwai takarda?" Har na kwanta maganar tana cina.

Su haka suke. Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da binne gawa, gwamnati kuma ta fara rajistar haihuwa da mutuwa a 1837. Ƙidaya duk shekara goma, a kulle sunayen sai sun shekara ɗari, shi ya sa ta 1921 sai a 2022 ta fito. Mutum na zaune a falo zai biya 'yan fam a intanet, ya tono zuri'arsa kaf. Wanda ya cika ɗari kuwa har kati ake aiko masa daga fada. Tsari ne mai kyau, ban musa ba. Amma ita takardar ma ba ta gagari ƙaddara ba, ta 1931 gobara ta cinye ta ƙurmus a 1942.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne kallon da ake mana kamar ba mu san alƙalami ba. Garin Nana Asma'u da Waziri Junaidu! Mun san Shehu ya rasu a 1817, mun san ɗaliban ɗalibansa. Malamai da sarakuna muka rubuta, ba mu rubuta tsohuwa mai dakan fura ba. Su ma Turawan da suka zo, masu biyan haraji suka damu da ƙirgawa.

Kaka da abin da ya faru take lissafi. Ta ce tana yarinya, ta isa aike, ranar da aka gwabza da Nasara a Giginya, ta ji ƙarar bindiga, innarta ta tura ta bayan rumbu. 1903 ke nan. Ta rasu shekarar da Abacha ya rasu, 1998. In ka ba ta takwas a lokacin, 103 ke nan, da lissafin Hijira kuma wajen 106. To, 120 ɗin dai mun ɗan ƙara gishiri. Duk da haka ta girmi tasu, kuma a ɗakinta ta cika, jikoki na tofa mata addu'a.

Na kira Goggo, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da Kaka. Na tambayi adakar kakanmu, mai Alƙur'anin da yake rubuta haihuwa da ajami a bangonsa. Ta ce gara ta gama da ita tun daminar da soro ya zube.

"Kai wanga yaro, mi za ka yi da shekarun matacce? Ka yi mata addu'a. Yaushe za ka taho gida?"

Na ce sai dai bayan Sallah, Goggo. Bara ma haka na ce mata.